Cin Abinci a Napoli, Birnin Bakin Teku na Kudancin Italiya: Tambayoyi da Amsoshi

Napoli ita ce birni na uku mafi girma a Italiya bayan Roma da Milan, kuma babban birnin yankin Campania. Tana zaune a bakin teku, dutsen Vesuvio mai aman wuta na kallonta daga gabas. Daga Roma, jirgin ƙasa mai gudu yana kai mutum cikin sa'a ɗaya da 'yan mintoci. Waɗannan su ne tambayoyin da baƙo, musamman Musulmi, ya fi yi kafin ya zauna a teburin gidan abinci a can.

Abincin Napoli daban yake da na sauran Italiya?

Daban yake ƙwarai. Italiya ba ta zama ƙasa ɗaya ba sai a 1861, kuma har yau yankunanta 20 kowanne da tukunyarsa. A arewa, wajen Milan da Turin, man shanu da shinkafa da tuwon masara da suke kira polenta ne suka fi ƙarfi. A kudu kuwa man zaitun ne, da busasshiyar taliya, da tumatir, da kifi. Kafin haɗewar ƙasar, Napoli fadar sarauta ce mai cin gashin kanta, kuma tana cikin biranen Turai mafiya cunkoso. Shi ya sa girkinta ya fito ta ƙofa biyu. Akwai na gidajen masu sarauta, waɗanda suka riƙa ɗaukar kuku masu horon Faransa, daga nan aka samu irin su sartù, wato shinkafa da aka cusa wa nama da cuku aka gasa. Akwai kuma na talakan lungu, wanda ɗakinsa ba shi da wurin hura wuta, sai ya fita titi ya sayi abin da zai ci a tsaye. Fiza daga wannan ƙofa ta biyu ta fito, haka soye-soyen da ake zubawa a takarda.

Tumatir kansa baƙo ne, daga nahiyar Amurka ya shigo Turai a ƙarni na 16. Ɗaya daga cikin tsofaffin bayanan yadda ake miyar tumatir yana cikin wani littafin girki da aka buga a Napoli a 1692. Taliyar da garin ke alfahari da ita kuwa ta Gragnano ce, wani ƙaramin gari a kudancin gaɓar, inda a da ake shanya ta a titi iskar teku da ta duwatsu su busar da ita.

Saboda haka kar ka zauna a Napoli kana neman abin da ka saba gani a gidajen abincin Italiya na Abuja ko Dubai. Taliya da farar miyar madara da yankan kaza a kai ba ta garin ba ce. In ka gan ta a jerin abinci, to don baƙi aka rubuta jerin.

Musulmi zai iya cin abinci hankali kwance?

Zai iya, har ya ƙoshi, matuƙar ya bi teku da lambu ya bar mahauta. Kifi, taliya da tumatir, ganyaye, fiza marar nama, waɗannan kaɗai sun isa mutum ya yi mako bai maimaita kwano ba. Matsalar ba naman da ido ke gani ba ce, wannan kowa zai kauce masa. Matsalar ita ce aladen da ya narke cikin abinci ba a ganinsa, da giyar da aka tsiyaya a kasko.

Ga sunayen da in ka gan su a takarda alade ne: maiale, prosciutto, pancetta, guanciale, salame, salsiccia, mortadella, speck, lardo, cicoli. Ka rubuta su a wayarka. Sai guda biyu da suka fi duk waɗannan muhimmanci, strutto da sugna, dukkansu narkakken kitsen alade ne. Tsoffin matan Napoli da shi suke girki a zamanin da man zaitun ya fi ƙarfin aljihun talaka, kuma har yau mai gasa kayan fulawa na gargajiya yana ganin in babu shi abin bai yi ba.

Wani abin lura: idan ka ce wa sabis ba ka cin nama, yana iya ɗauka ɗan gutsuren pancetta da aka soya da albasa don ɗanɗano ba ya cikin lissafi. Ba mugunta ba ce, a wajensa wannan kayan ƙamshi ne. Don haka tambayar ta zama a fili: “C'è maiale? C'è strutto?” wato akwai alade, akwai kitsensa. In kana son a cire, ka ce “senza maiale”. Mutanen Napoli ba sa jin haushin tambaya a kan abinci, hasali ma in ka taɓo zancen sai ka rasa yadda za ka tsayar da su.

Waɗanne abinci ne ke ɓoye aladen?

Abin takaici, shahararrun ne. Sfogliatella, gasasshen ƙullin nan mai ɓawo sala-sala da cuku mai zaƙi a ciki, wanda kowane baƙo ke riƙe da shi a titin Toledo, bisa al'ada da strutto ake murza shi. Taralli na Napoli, zagayayyun nan masu masoro da almon da ake sayarwa a bakin teku, sunansu ma na gargajiya yana ɗauke da kitsen. Casatiello, burodin bikin Ista, kitse ne da salame. Ɓawon pastiera, wainar alkama da cuku ta wannan bikin, shi ma galibi haka. Soyayyiyar fiza ta asali ana cusa mata cuku da cicoli, sai dai kana iya cewa a yi maka da cuku da tumatir kawai, a gabanka ake haɗawa.

A ɓangaren tukunya, ragù na Napoli, jar miyar da ake barinta tana ɓararraka a ƙaramar wuta sa'o'i shida ko fiye don cin ranar Lahadi, naman sa ne haɗe da haƙarƙarin alade da jar giya. Taliya da dankali, taliya da wake, duka abincin talaka ne da ake ɗaga ɗanɗanonsu da ɗan kitse ko fatar alade. Dunƙulen nama da ake kira polpette sau da yawa gauraye ne. Genovese, miyar albasa mai yawa da ake dafawa da naman sa har ta koma launin zuma, ita ma wasu suna fara ta da gutsuren alade, kusan kowa kuma yana zuba mata farar giya. Ita ce a ganina asarar da ta fi ciwo ga wanda ba zai ci ba. A titi kuma za ka ga rumfuna da aka yi wa ado da lemun tsami ana sayar da dafaffen kayan ciki mai sanyi, 'o pere e 'o musso. Ƙafar alade ce da leɓen maraƙi, ka wuce.

Dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa gidajen abinci bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa wasu da rashin lafiya, irin su gyaɗa, madara, ƙwai, alkama da kifi. Alade ba ya cikinsu. Kar ka dogara da wannan jerin.

Giya fa? Suna zuba ta a komai?

Ba a komai ba, amma a girkin kifi tana yawan shiga. Mai girki yakan tsiyaya ɗan kofin farar giya a kasko bayan tafarnuwa ta yi ja, ya bari ta ƙone. Da yake irin wannan abinci sai an yi oda ake ɗora shi, cewa “senza vino” ya wadatar, kuma da yawa daga masu girkin garin ma suna ganin taliya da vongole, wasu 'yan halittun teku dangin ƙumba, ta fi daɗi ba giyar. Miyar da aka dafa tun safe ce ba ta da gyara.

A kayan zaƙi ne za ka fi yin hattara. Babà, alfaharin masu kek na Napoli, jiƙa shi ake yi sharkaf da barasar rum. Delizia al limone akwai limoncello a ciki, wato barasar ɓawon lemun tsami. A ƙarshen cin abinci mai gida na iya kawo maka ɗan ƙaramin kofi na ruwan ɗorawa mai sanyi kyauta, don girmamawa. Limoncello ne. Ka yi godiya ka ce a musanya maka da kofin gahawa, ba wanda zai ɗauke shi raini.

Me zan ci daga teku?

A nan ne garin ya fi kyauta. Fara da spaghetti alle vongole. Vongole wasu 'yan halittun teku ne masu ɓawo biyu, dangin ƙumba, ana jefa su a kasko da man zaitun da tafarnuwa da ɗan barkono, su buɗe su saki ruwansu, a juya taliyar a cikin wannan ruwan. Kayan haɗin ba su wuce biyar ba, shi ya sa ba inda mai girki zai ɓoye gazawarsa. In ruwan ya kama jikin taliyar ya yi ɗan kauri, gidan ya iya. In ya taru a gindin faranti tsararo, ko ka ji yashi a haƙori, ka san inda ba za ka koma ba.

Impepata di cozze ita ma dangin ƙumba ce, baƙaƙe dogaye, a turara su da masoro mai yawa a matsa lemun tsami. Polpo alla luciana ya samo suna daga masuntan unguwar Santa Lucia: halittar nan ce mai hannaye takwas, a rufe ta a tukunyar ƙasa da tumatir da zaitun ta dahu cikin ruwan jikinta. Wanda bai saba ba zai yi ɗari-ɗari da kamanninta, amma naman fari ne mai laushi, ba ƙarni. Frittura di paranza ƙananan kifaye ne da ragar jirgi ta kwaso, a barbaɗa musu fulawa a soya. Alici ƙananan kifi ne masu arha, ana soya su ko a jiƙa su a ruwan tsami. Akwai jatan lande, akwai baccalà, kifin tekun arewa da aka adana da gishiri, wanda ake soyawa musamman a daren jajibirin Kirsimeti. Babban kifi kuwa, orata ko spigola, ko dai a gasa shi, ko a dafa shi all'acqua pazza, cikin ɗan ruwa da ƙananan tumatir da tafarnuwa.

Ta fuskar shari'a, mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi ta halatta dukkan abin da ke rayuwa a teku, haka Shafi'iyya da Hambaliyya a dunƙule. Hanafiyya ce ta taƙaita a kan kifi. In za ka ci da aboki Baturke ko ɗan Pakistan, kar ka yi mamaki in ya ture farantin vongole.

Kar ka nemi a barbaɗa maka cuku a kan taliyar kifi. Za a kawo in ka nace, amma za ka ga fuskar sabis ta canza.

Ɗanyen kifi da na ga suna ci, lafiya kuwa?

Doka ta ce kifin da za a ci ɗanye sai an daskarar da shi a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili na aƙalla sa'o'i 24, don kashe tsutsar da ke zama a cikinsa, kuma gidajen kirki suna bi. Dangin ƙumba ne abin tsoro, domin tace ruwa suke yi, duk dattin da ke ciki a jikinsu yake taruwa. A 1973 kwalara ta ɓarke a Napoli, aka ɗora laifin a kan ɗanyen cozze, kuma tsofaffin garin ba su manta ba. Baƙo ya ci dafaffe. Duk wanda ɓawonsa bai buɗe ba bayan dahuwa, a ajiye shi gefe.

Idan wani ya raɗa maka cewa yana da datteri di mare, wasu dangin ƙumba masu kama da dabino, ka ƙi. An haramta kamo su a Italiya tun 1988, saboda sai an farfasa duwatsun ƙarƙashin teku kafin a ciro su. Mai saye ma yana iya shiga hannun hukuma.

Me ya sa kuɗin kifi ke zuwa fiye da abin da aka rubuta?

Domin ba kuɗin faranti aka rubuta ba. Babban kifi da awo ake sayar da shi, kuma in ka ga “all'etto” ko “hg” kusa da farashi, ana nufin kowane giram 100. Kifin da aka rubuta masa yuro 7, in ya kai giram 800, yuro 56 ke nan. Ka ce a kawo kifin ka gani, a auna, a faɗa maka kuɗin kafin ya hau wuta. 'Yan gari haka suke yi, ba abin kunya ba ne.

Alamar tauraro kusa da sunan abinci tana nufin kayan daskararre ne. Wannan ba aibi ba ne, gidan da ya sa alamar gaskiya ya faɗa. Wanda ya jera kifi iri ashirin babu tauraro ko ɗaya, ranar da teku ta yi hauka ba jirgin da ya fita, shi ne abin zargi.

Fizar Napoli da ake ta zuzutawa, me ya bambanta ta?

Wuta da lokaci. Ƙullin fulawa ne da ruwa da gishiri da yis kawai, ba kitse, wanda hakan albishir ne a gare mu. Ana barinsa ya tashi sa'o'i masu yawa, a buɗe shi da hannu ba da muciya ba, a jefa shi tandar itace mai zafin digiri 430 zuwa 485, ya fito cikin daƙiƙa 60 zuwa 90. Gefen ya kumbura da ɗigon ƙuna, tsakiyar ta yi laushi da ɗan jiƙa. Wanda ya saba da mai ƙaras-ƙaras zai ce ba ta gasu ba, alhali ta fi kusa da gurasar Kano mai zafi, wadda ake naɗewa ba ta karye ba. A 1984 aka kafa ƙungiyar da ke tsare ƙa'idojinta, Associazione Verace Pizza Napoletana, kuma a 2017 hukumar UNESCO ta sa sana'ar masu yin ta cikin al'adun duniya da ake karewa.

Biyu ne na asali, kuma duka ba nama. Marinara tumatir ce da tafarnuwa da man zaitun da wani ganye mai ƙamshi, origano. Babu kifi a cikinta, babu cuku. Margherita kuwa tumatir ce da cukun mozzarella da ganyen ɗoɗɗoya. Labarin da ake bayarwa shi ne wani mai fiza, Raffaele Esposito, ya yi wa Sarauniya Margherita ita a 1889 da launukan tutar ƙasar. Masu binciken tarihi suna da shakku a kan wasiƙar da ake kafa hujja da ita, kuma an san ana haɗa waɗannan kayan tun kafin lokacin.

Kowa da tasa guda ake ci, ba a raba ɗaya wa mutum huɗu, kuma ba a yanka take zuwa ba. A tsakiyar gari margherita tana kamawa daga yuro 5 zuwa 8. Akwai ƙarama da ake ninkewa huɗu a takarda, a portafoglio, a ci ana tafiya, da 'yan yuro biyu ko uku. Ka guji diavola da capricciosa, akwai alade. Peperoni a nan tattasai ne.

Ya cancanci in bi dogon layin shahararrun gidajen fiza?

Da Michele, wanda iyalinsa ke sana'ar tun 1870, da Sorbillo a titin Tribunali, da Port'Alba da ake ce wa mafi tsufa, duk suna da tarihi, kuma ba a banza suka yi suna ba. A wasunsu lamba ake karɓa a tsaya a waje har a kira. In kana da rana guda tak a garin, ni ban ga dalilin ƙona sa'a biyu a tsaye ba. Gidajen fiza a Napoli ɗaruruwa ne, kuma tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na talatin ba ta kai ta tsakanin na talatin da duk wadda ka taɓa ci a wata ƙasa ba. In kuma dole sai shahararren, ka je daidai lokacin buɗewa ko wajen ƙarfe 4 na yamma.

Dole ne in yi odar kowane sashe na jerin abincin?

A'a. Jerin yana tafiya ne daga antipasto, abin buɗe baki, zuwa primo, wato taliya ko shinkafa, sai secondo, kifi ko nama, da contorno, ganyen da ke raka shi, sai dolce, kayan zaƙi. Cin duka sai ranar biki ko Lahadi. Biyu sun isa. Abin da ke ba baƙo mamaki shi ne secondo shi kaɗai yake zuwa: ka ce kifi, kifi za a kawo, ba shinkafa ba dankali sai ka nema daban. Taliyar kuma da ɗan tauri a tsakiya ake sauke ta, a Napoli ma fiye da sauran wurare. Ba gaggawa aka yi ba.

Ƙarfe nawa ake ci?

Abincin rana daga ƙarfe 1 zuwa 3, na dare daga 8, kuma ranar Asabar sai 9 gidaje ke cika. Tsakanin 3 da 7 da rabi yawancin kicin a rufe suke, sai masu soye-soye da wasu gidajen fiza. Mai azumi ya lura da wannan: a shekarun nan Ramadan yana faɗowa a ƙarshen sanyi, rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6, gidajen abinci ba su buɗe ba. Ka tanadi dabino da ruwa, ka yi salla, sannan ka fita. Gidajen kifi da dama suna hutu ranar Litinin, kuma a makon 15 ga Agusta rabin gari yana kulle shago ya tafi hutu.

Wace unguwa zan nufa?

Tsohon gari, titin Tribunali da Spaccanapoli, na fiza ne da soye-soye. A nan za ka ga cuoppo, takarda da aka naɗe aka cika da soyayyen kifi ko kayan lambu. Ka nemi na teku, di mare, domin na tudu akwai frittatina, wato soyayyen curin taliya, da sauran masu gutsuren alade. Unguwar Quartieri Spagnoli, bayan titin Toledo, cike take da trattoria, ƙananan gidajen abinci na iyali masu hayaniya da arha, inda jerin abincin ke canzawa kullum. Kasuwar Pignasecca tana nan kusa, kuma masu kifi a cikinta suna soyawa nan take. Porta Nolana, kusa da tashar jirgin ƙasa, kasuwar kifi ce ta safe.

Borgo Marinari a gindin ganuwar Castel dell'Ovo, da Mergellina, da Posillipo har Marechiaro, nan ne ake cin kifi ana kallon ruwa. Kallon yana cikin kuɗin. Wasu gidajen sun cancanta, wasu kuwa tekun kawai suke sayarwa. Duk inda aka tsayar da mutum a ƙofa yana jawo masu wucewa da jerin abinci mai hotuna cikin harsuna shida, ka ƙara gaba.

Mene ne coperto da na gani a rasit? Ana ba da tukuici?

Coperto kuɗin zama ne da burodi da shimfiɗar tebur, kan kowane mutum, galibi yuro 2 zuwa 3. Halas ne a doka matuƙar an rubuta shi a jerin abinci. Wasu wuraren suna ƙara servizio, kaso 10 cikin 100 ko sama. In an sa wannan, ba sauran tukuici. In ba a sa ba, barin 'yan canji ya isa, ba wanda zai bi ka da ido. Ba a kawo lissafi sai ka nema, ka ce “il conto”. Doka ta wajabta musu karɓar kati da ba da rasit, amma riƙe 'yan tsabar kuɗi yana da amfani a rumfunan titi. Ruwa na kwalba ake kawowa, za a tambaye ka naturale ko frizzante, na biyun mai gas ne.

Abincinsu ba yaji. Ya zan yi?

Ka nemi olio piccante, man zaitun da aka jiƙa barkono a ciki, ko peperoncino. Kusan kowane gida yana da shi. Ba zai kai attaruhu ba. Amma ka ɗanɗana loma biyu kafin ka zuba, domin tumatirin da ke fitowa a ƙasar gindin Vesuvio, San Marzano da ƙananan piennolo da ake ratayewa dami-dami su kai har sanyi, suna da zaƙin da yaji zai rufe. Kar ka karɓi 'nduja a madadin yaji, jar ce mai zafi daga Calabria, amma alade ce.

In na gaji da kifi fa?

Parmigiana di melanzane: yankan gauta babba baƙa, a soya, a jera da tumatir da cuku a gasa. Zucchine alla scapece, ƙaramar kabewa kore da aka soya aka jiƙa a ruwan tsami da na'ana'a. Friarielli, ganye mai ɗan ɗaci da ake soyawa da tafarnuwa da barkono, wanda abokin tafiyarsa na kullum salsiccia ne, don haka ka ce shi kaɗai kake so. Gnocchi alla sorrentina, 'yan curin dankali a miyar tumatir da cuku. Sai spaghetti al pomodoro, wadda ba ta da komai sai tumatir da ɗoɗɗoya, kuma a garin nan ba abin rainawa ba ce.

Mozzarella di bufala daga nonon ɓaunar gida ake yin ta, a filayen Caserta da Salerno, kuma sunanta yana da kariyar dokar Turai tun 1996. Ana cin ta ranar da aka yi ta, ba a sa ta a firji, in ka yanka sai madara ta tsiyayo. Yawancin cukun Italiya da sinadarin cikin tumbin maraƙi ake daskarar da shi. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncinsa in dabbar ba yankan Musulmi ba ce, wanda abin ya dame shi ya tambayi malaminsa kafin tafiya.

Kofi da kayan zaƙin da ba matsala?

Kofin Napoli ɗan mitsitsi ne, baƙi, mai ƙarfi, a kofin da aka ɗumama har yana ƙona leɓe. Ana biya a wurin mai karɓar kuɗi tukuna, a miƙa rasit, a sha a tsaye, yuro ɗaya da 'yan kai. Ruwan da aka ajiye maka kafin kofi ake shan sa. In ka zauna a tebur, musamman a wuri irin Gambrinus da ke kusa da dandalin Plebiscito tun 1860, kuɗin zai ninka. Garin yana da wata tsohuwar al'ada, caffè sospeso: mutum ya sha ɗaya ya biya biyu, na biyun ya jira duk wanda ya shigo ba shi da ko sisi.

A kayan zaƙi, granita, wato niƙaƙƙiyar ƙanƙara, ta lemun tsami da yawancin gelato, wato askirim, ba su da matsala, ban da irin malaga da masu ɗanɗanon babà. Torta caprese, kek ɗin cakulan da almon, da man shanu ake yin ta, sai dai ka tambaya ko an ɗiga mata barasa.

Ina zan samu naman halal ko abincin gida?

Kewayen Piazza Garibaldi, gaban babbar tashar jirgin ƙasa. Akwai mahautan halal, da gidajen abincin 'yan Pakistan da Bangladesh da Arewacin Afirka, da shagunan 'yan Afirka ta Yamma masu manja da garin rogo da busasshen kifi. Wurin yana da cunkoso, ka riƙe wayarka da kyau. Castel Volturno, a gaɓar teku arewa da birnin, ta daɗe da zama mazaunin dubban 'yan Ghana da Najeriya, da yawansu sun fara zuwa ne aikin tsinkar tumatir a gonakin yankin.

In ka ce daga Najeriya kake, ka shirya jin sunan Osimhen. Shi ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Italiya a kakar da Napoli ta ɗauki kofi a 2023, bayan shekara 33 tana jira, har masu kek suka riƙa yin kek mai siffar takunkumin fuskarsa. Rabuwarsa da ƙungiyar ba ta yi daɗi ba, don haka ra'ayin sabis ɗinka na iya zama kowane iri.

Akwai wuraren kusa da suka cancanci a je don abinci kawai?

Pozzuoli, yamma da birnin, jirgin ƙasa na cikin gari yana zuwa, tana da babbar kasuwar kifi da gidajen abinci a bakin tashar jiragen ruwa, kuma farashin ya fi na Posillipo sauƙi. Daga tashar Molo Beverello jiragen ruwa suna tashi zuwa Procida da Ischia da Capri. Abin mamaki, abincin da Ischia ta yi suna da shi zomo ne ba kifi ba, wanda ya dawo da kai kan maganar yanka da giya. A Nerano, can ƙarshen yankin Sorrento da ya kutsa cikin teku, ana yin taliya da soyayyiyar kabewa da cukun provolone. Cetara kuwa, ƙauyen masunta a gaɓar Amalfi, ita ke yin colatura, ruwan da ke tsatsowa daga alici da aka danne da gishiri a ganga watanni masu yawa. Cokali biyu a kan taliya da tafarnuwa da man zaitun sun isa, kuma ba a sa gishiri a ruwan dafa taliyar. Kwalbar ƙarama ce, amma in za ka taho da ita gida ka sa ta a babbar jaka, ka naɗe ta da leda biyu.